Ranar da Inna Ta Ari Kujeru

Shekarun baya, a lokacin nan da kwanon gero ya fi ƙarfin wanda ya noma shi, na yi wata rayuwa mai fuska biyu wadda har yau in na tuna sai na yi wa kaina dariya. Da safe in na shiga ofis neman aiki, sai in miƙe wuya in ce lafiyata ƙalau. Da yamma in na je ƙofar gidan mai unguwa inda ake maganar masu neman tallafi, sai in langaɓe kai in ce ni fa mara lafiya ne. Abin haushin, na yamman ne mai gaskiya.

Sikila gare ni, da ita aka haife ni. Ranar da ta kwanta ba ka bambanta ni da kowa, ranar da ta tashi kuwa sai in ji kamar ana daka ƙasusuwana a turmi. Ƙauyenmu yana gefen Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, kuma namijin da ba zai iya riƙe fartanya daga hantsi zuwa azahar ba, to sai dai a riƙa yi masa sannu. Shi ya sa mahaifina, kafin Allah ya yi masa rasuwa, ya dage sai na yi boko. Na yi, har na samu difloma, na dawo gida na saka ta a leda, tana kallona ina kallonta.

Ba inda ban kai takarda ba. Makarantar kuɗi a Rijiyar Zaki, kamfanin ruwan leda, wani ofis a Rimin Gado. Magana takan tafi daidai har sai mai ɗaukar aikin ya ɗago ya kalli idona, don masu irin ciwona farin idonmu yakan yi ɗorawa-ɗorawa.

“Malam, lafiyarka kuwa?”

“Ƙalau, ranka ya daɗe. Barci ne bai ishe ni ba.”

Sai a ce in je za a kira ni. Har yau ina jiran wasu daga cikinsu.

Mu biyu ne a gida, ni da mahaifiyata, ƙannena mata suna gidajensu. Ni ne ɗanta na fari, a wajenmu kuwa uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Kai” nake, ko “wannan”, in kuma ranta ya yi fari, “mai boko”. Shi ma ciwon ba ta kiran sunansa, a wurinta sanyi ne kawai. Sai ta wuni tana gasa min gwiwoyi da tsumma da ruwan ɗumi, amma in maƙwabciya ta leƙo ta ce ya mai jiki, sai ta ce, “Wane mai jikin? Hutawa yake.”

A shekarar da nake ba ku labari damina ta yi gardama, taki ya gagari kowa, rumbunmu ya ga ƙasa tun kafin a yi noman farko. Sau ɗaya muke ɗora tukunya, ragowar ranar kuma kwaɗon zogale ne ko rama. Maganin da likita ya ce in riƙa sha kullum na koma shansa ranar da na samu, daga baya na daina gaba ɗaya. Ana cikin haka aka ce an kawo tallafi na wata-wata ga gidaje masu rauni, musamman gidan da ke da mai ciwon da ba ya warkewa. Mai unguwa ya saka gidanmu, da sunan mahaifiyata a matsayin mai gida. Abu ɗaya ya rage, ma’aikata za su bi gida-gida su gani da idonsu. A wurina tallafin nan shi ne in koma kan maganina, in kuma samu na motar zuwa neman aiki.

Ranar da aka ce za su zo na yi shiri na musamman. Na zaƙulo wata tsohuwar riga da ta ga duniya, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ajiye katin asibitina a ƙarƙashin matashi. Wallahi har nishi na gwada, in ji wanne ya fi ban tausayi.

Mahaifiyata ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina.

“Kai, tashi. Baƙi za su shigo su tarar da kai yashe kamar tsumma?”

“Inna, ai haka ake so su gan ni.”

“Ba a gidana ba. Je ka yi wanka.”

Kafin in fito daga wanka ta share gidan tas, ta yayyafa ruwa, ta ɗauko min shaddar Sallar bara ta ajiye. Ta shiga gidan maƙwabciyarmu mai ba da hayar kujerun biki ta aro na roba guda huɗu, sababbi fil. Zabuwa ɗaya ta rage mana, ita ke ɗan yi mana ƙwai. Ina ɗaura zariyar wando na ga an miƙo min wuƙa. Da hannuna na yanka ta, jama’a.

Na ce, “Inna, mutanen nan fa talauci suka zo gani.”

Ta ce, “To su gan shi a hanya. Baƙo ba zai shigo min ya fita da baki a bushe ba.”

Su biyu suka zo, wata mata mai fara’a riƙe da ƙaramar kwamfuta, da wani namiji wanda ni dai ban ga aikin da ya yi ba in ban da cin cinyar zabuwa. Suka zauna a kan kujerun aro, ga ƙamshin farfesu ya cika gida, ga ni ina ƙyalli cikin shadda. Matar ta fara tambaya.

“Inna, sau nawa kuke cin abinci a rana?”

“Sau uku, alhamdulillahi. Wata rana ma har a rage.”

“Abincin da kuka noma yana kai ku shekara?”

“Allah yana rufa asiri.”

“Akwai mai ciwon da ya daɗe a gidan nan?”

“Babu. Ga shi nan kina gani, ƙato da shi.”

Ƙaton nan fa ni ne, wanda iska mai ƙarfi kan sa shi ya nemi jikin bango. Matar ta ɗago ta kalli idona, ta daɗe tana kallo, sannan ta sassauta murya.

“Inna, ki yi tunani da kyau. Babu wanda ke yawan zuwa asibiti?”

“Asibiti sai dai dubiya, ’yata.”

Katin yana nan ƙarƙashin matashi, taku uku tsakanina da shi. Amma wa ya isa ya ƙaryata uwarsa a gaban baƙi? Na sunkuyar da kai ina wasa da maɓallin riga. Da za su tafi har naman da ya rage ta ƙulle musu a leda.

Bayan ’yan makonni aka liƙa sunaye a zauren mai unguwa. Na karanta daga sama zuwa ƙasa, na sake daga ƙasa zuwa sama, babu mu. Na dawo gida raina a ɓace, na same ta tana tsinkar zogale, na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta bari na gama, ba ta ko ɗago ba.

“Kai da kanka kake zuwa birni kana ce musu lafiyarka ƙalau,” in ji ta. “In na bari aka rubuta a littafin gwamnati cewa kai mara lafiya ne, wa zai ɗauke ka aiki? Wa zai ba ka ’yarsa?”

Da ina da hankali da na yi shiru a nan, don ashe tsare ni take yi da iyakar abin da ta sani. Amma bakina ya riga ni. Na ce, “To sai mu dafa rufin asirin mu ci.” Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. Ni kuwa har gobe ina jin kunyar wannan maganar.

Don in nuna na isa, washegari na bi samarin unguwa ƙwadagon noman gyaɗa. Kwana biyu na yi ina jan jiki, a na uku ruwa ya dake mu a gona. Kafin la’asar ciwo ya tashi irin wanda ban taɓa gani ba, a kan babur aka kai ni asibiti ana riƙe da ni ta baya. Na fi mako a kwance, sai da aka yi min ƙarin jini. Ranar da na fara gane mutane likita ya tsaya a kaina ya ce me ya sa na daina shan magani. Na kawar da kai. Mahaifiyata tana zaune a ƙasa gefen gado, na ga yadda ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Kwana kaɗan da sallamo ni, ranar kasuwar Tsanyawa, na ga ta yafa mayafinta na fita unguwa. Ta buɗe adakarta ta ciro katin asibitina, ashe tun ranar baƙi ta ɗauke shi ta ɓoye.

“Tashi ka raka ni.”

Ta ji a wurin mai unguwa cewa an ware rana a sakatariyar ƙaramar hukuma don waɗanda aka tsallake su kai kuka. A cikin bas katin yana damƙe a hannunta. Muka tarar da layi har waje, mata da tsofaffi, da yawa ’yan ƙauyenmu ne waɗanda suka san ta. Da layi ya zo kanmu, wa za mu gani a bayan tebur? Matar nan mai fara’a.

“Inna mai zabuwa,” ta ce. “Me ya kawo ki?”

“Ƙarya na zo in gyara, ’yata.”

Ba ta rage muryarta ba, duk na kusa suna ji.

“Sau ɗaya muke ci. Rumbu babu komai. Zabuwar nan ita ce ta ƙarshe. Kujerun ma na maƙwabta ne.”

Matar ta yi murmushi. “Na sani, Inna. Sunan mai su yana rubuce da fenti a bayansu, tun da na zauna na gani. Amma abin da bakin mai gida ya faɗa shi aka ce in rubuta. Yanzu ki faɗa min, wane ne mara lafiyar, mene ne sunansa, kuma me ke damunsa?”

Mahaifiyata ta juyo ta kalle ni, irin kallon nan na kai faɗa mata. Na buɗe baki, matar ta ɗaga min hannu.

“Yi haƙuri, Malam. Ita ta ce babu, ita za ta ce akwai. Haka dokar take.”

Wata tsohuwa ’yar unguwarmu da ke bayanmu ta ce a hankali, “Ɗan farinta ne fa.” Matar ta ajiye biro, da alama tana neman wata hanyar da za ta sauƙaƙa mata. Ba ta kai ga samu ba, mahaifiyata ta ɗora katin a kan tebur, ta kama hannuna, ta faɗi sunana. Cikakke, har da na mahaifina. Sannan ta ce, “Ɗana ne. Sikila gare shi tun yana goye. Na kusa rasa shi makon jiya saboda kunyata. Ki rubuta.”

Shekarata ashirin da wani abu a lokacin, gemu ya fara fito min, amma a gaban mutanen nan na fashe da kuka. Ban san haka sunana yake da daɗi ba. Ita kuwa ta saki hannuna ta ce, “Kai, share fuskarka, ana kallonka.”

Sunanmu ya fito a zagaye na gaba. Tallafin ba wani mai yawa ba ne, amma ya mayar da ni kan magani, ya kuma riƙa kai ni inda ake ɗaukar aiki. Abin da ya canja shi ne na daina cewa barci ne bai ishe ni ba. Na ga tsohuwar da ta fi ni kunya sau dubu ta tsaya a gaban jama’a ta faɗi gaskiya, ni wane ne? Wurare biyu sun sallame ni ina gama faɗa musu sikila gare ni. A na uku, wata makarantar firamare, shugaban ya ce ranar da jikin ya ƙi sai a haɗa ajina da na kusa. A nan nake har yanzu. Da aiki ya zauna na je da ƙafata na ce a cire mu daga tallafin a saka wani gidan.

Da can ina ganin abin da ta yi ranar baƙi wauta ce ta mutanen da. Yanzu na gane ranar da ta ɓoye ni da ranar da ta bayyana ni, duk abu ɗaya take yi, so ne, kowanne kuma sai da ya ci mata wani abu. Na farko ya ci zabuwarta, na biyu ya ci abin da ta tsare tun ranar da ta haife ni. Na nemi gafararta kan maganar rufin asiri, ta ce ita ba ta ma tuna na faɗa ba. Wannan ma na san ƙarya ce.

Tana nan da ranta, ta tsufa, kuma na saya mata kujerun roba guda shida nata na kanta. Tun daga ranar sakatariya ba ta sake kama sunana ba, na koma “kai” ɗina. Kwanan baya ina zaune kusa da ita tana tambayata ko na sha magani, na ce, “Inna, don Allah sake faɗar sunan nan sau ɗaya in ji.”

Ta harare ni ta gefen ido, ta ci gaba da jan carbinta.

“Wani tallafin ake rubutawa?”