Geron da Bai Bushe Ba

Jiya surukina ya kawo gero rumbun ƙungiyarmu a Gagarawa. Na ciji ƙwaya na ji laushi, sai marigayi shugaban kwamitinmu ya faɗo mini a rai. Shi yakan zura hannu can ƙasan buhu ya tauna ƙwaya, sai ta ce ƙas ya karɓa. Ya taɓa mayar mini da nawa a bainar jama'a.

"Ɗana, ɗanyen buhu ɗaya ke ruɓar da abincin daminar gari. Je ka shanya."

Kwana uku ban gaishe shi ba.

Yanzu makullin na hannuna, buhun na ƙofa, na kasa zaune na kasa tsaye. Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya ba ni bakin faɗa wa surukina abin da ka faɗa mini.