Zare da Allura a Babi na Bakwai

Ina sanar da jama'ar wannan shafi cewa daga yau na janye ƙarar da na shigar a kan babi na bakwai. Shari'ar ta kusa shekara ashirin.

Wanda nake ƙara ne ba ya nan. Da safen nan aka kira ni, Malam Danlami ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tare muka koyar da adabi a wata sakandare a nan Minna. Mutumin Beji ne, Hausarsa ba ta san namiji ba, ba ta san mace ba. Yakan ce mini, "Littafin nan ta fi ka wayo." In ce, "Ya fi, Malam, ya fi." Ya ce, "To, ka amsa da bakinka."

Rigimar tamu a kan wani tsohon littafin labari ce da muke koyarwa. A babi na bakwai an kai mai gida makwancinsa, sai marubucin ya ɓata shafi huɗu matar tana ɗinka maɓalli a rigar mamacin. Ba kuka, ba salati. Ni na ce cika takarda ne, mutum ya rasa abin faɗa ya fake da ɗinki.

Shi kuwa ya ce, "Aboki, lissafa sau nawa zare ta kuskure allura."

Sau uku, in ji ni. Tsufa ne.

"Shekararta talatin! Ido ne ta cika. Ba ya rubuta hawaye, ya bar maka ka gani da kanka."

Haka yake koyar da salo. Sai ya zo aji da allura, ya ɗiga wa ɗalibi ruwa a gira, ya ce zura zare. Ni ina ta rubuta "maimaici" da "alamci" a allo, ajinsa ana ta dariya. Ɗalibansa suka fi cin jarrabawa, na ce sa'a ce.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, wata guda yana shiga azuzuwana a madadina, bai taɓa tada zancen ba. Duk kaka kuma sai doyar Beji ta iso ƙofar gidana a Fadikpe, wai don ƙwaƙwalwata ta buɗe.

Mako biyu da suka wuce na je duba shi a unguwar Limawa, inda yake jinya. Ya rame, amma bakin yana nan. Ya miƙo mini kwafinsa na littafin, duk ya sha fensir. Ya ce, "Je ka sake karantawa. Wannan karon da ido, ka bar baki ya huta." Na ce zan dawo mu ƙarasa. Ban koma ba.

Ɗazu na tashi shirin tafiya jana'iza. Ban yi kuka ba, ni dai a sanina. Na tsaya sa maɓallin wuyan riga, ya kuɓuce. Na sake, ya kuɓuce. A na uku uwargida ta ce, "Malam, kawo in sa maka."

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a, musamman ku tsofaffin ɗalibansa da aka ɗiga wa ruwa a gira.

Malam Danlami, ba tsufa ba ne. Littafin ta fi ni wayo.