Kawuna da Binciken Jam'iyyu

Shekarar da na zo gida yin bincike, damina ta biyu ke nan ruwa bai yi ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. A Isa mata sun koma kwaɗon tafasa da garin rogo, gulbi kuwa yashi ne zalla, sai ramukan da ake tonawa a kwarfi ruwan sha. Cikin wannan hali soja suka kawar da farar hula, suka rushe jam'iyyu, suka shiga tara 'yan siyasa suna tambayarsu inda dukiyar gwamnati ta shige.

Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun kimiyyar siyasa. Malamin da ke duba kundina, wani Bazazzagi mai yawan shan taba, shi ya zaɓa mini abin da za ni bincika: me ya raba manoma da makiyayan Gobir tsakanin jam'iyyu, kuma ko haraji da jangali suna da hannu a ciki. Na ce masa, "Malam, mutane ba za su yi magana yanzu ba." Ya ce, "Yanzu ne ma za su faɗi gaskiya, tunda ba zaɓe a gaba."

Da kawuna na fara, ƙanen Inna, wanda ke zaune Tozai. Shi ne shugaban jam'iyyar da ta yi mulki a mazaɓarsu, da can zaurensa ba ya rabuwa da mutane. Ranar da na je, shi kaɗai na tarar bisa tabarma yana gyaran ƙotar kalme, fartanyarsa ta noma. Bangon da aka zana tambarin jam'iyya an shafe shi da sabon yaɓe. Muka gaisa, ya tambayi Inna, aka kawo mini ruwa.

Na ce, "Kawu, so nake ka ba ni labarin yadda kuka kafa jam'iyya a nan."

Ya ce, "Wace jam'iyya?"

"Taku mana."

"Ni manomi ne, ɗana. Wa ya aiko ka?"

"Makaranta."

"Makarantar ta wa ce?"

Na ce ta gwamnati ce. Ya ce, "To," ya ci gaba da sassaƙar ƙotarsa. Sai da na tashi tafiya ya rako ni bakin hanya, ya waiga dama da hagu, ya ce a hankali, "Hatsin agajin bara, duk buhun da ya shigo hannuna na raba shi gaban mai gari. Ka faɗa musu haka." Alhali ni ban tambaye shi zancen hatsi ba. Na koma Isa ina saƙe-saƙe, har na kama kaina ina zargin mutumin da ya goya ni ina jariri.

Haka aka yi ta yi mini ko'ina. In na zauna majalisa, hira ta koma kan zafin rana. Wanda jiya yake hawa mota da lasifika, yau ya ce bai taɓa jefa ƙuri'a ba. Mutum ɗaya ya buɗe mini baki, wani tsohon arɗo da na samu a karar shanu ta Sabon Birni, ya kawo ramammun shanunsa yana sayarwa yadda ta kama kafin su mutu. Da fari ya ce, "Mai tambayar Bafillace zancen shanu, ko ɓarawo ne ko mai jangali. Kai wanne ne?" Na faɗa masa sunan kakana, ashe ya yi karatu a zaurensa. Sai ya saki jiki.

Ya ce, "An ce an soke jangali, muka yi murna, muka ba su ƙuri'a. Da, sau ɗaya muke biya a shekara, a ba mu takarda, in an taɓa mu mu san ƙofar da za mu kai kuka. Yanzu muna biya bakin rijiya, mu biya kan burtali, mu biya in za mu ƙetara Nijar, kuma ba mai ba ka takarda. Wanda ba ya karɓar komi gare ka a fili, ba ya jin yana da nauyinka." Wannan magana ta fi mini wata guda na karatu a laburare, a kanta na gina rabin kundina.

A ranar ce na fara lura da wani mutum. Dogo ne, baƙi, da tsagen Gobirawa, sanye da shuɗiyar riga wankakkiya. Yana tsaye nesa kaɗan yana kallonmu. Ranar kasuwar Bafarawa na sake ganin sa. Na gan shi ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma lokacin da na je neman bayanin kuɗin shiga aka ce mai makulli ya yi tafiya. Ba ya magana, ba ya matsowa. Na ce a raina, shi ke nan, 'yan sandan ciki sun sa mini ido. Mutanen gari su ma sun gan shi, sai dai su fassararsu daban: tare muke, ni ina tambaya, shi yana lura da fuskoki.

Ana cikin haka aka zo da mota Tozai aka tafi da Kawu, wai kwamitin da ke binciken hatsin agaji yana neman sa. Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Inna zaune ƙofar ɗaki, ba ta amsa sallamata ba. Can ta ce, "Zo nan. Tsakaninka da Allah, kai ne?"

Na ce, "Inna, ni?"

"Na tambaye ka. Ka je gidansa, ba a daɗe ba aka zo aka ɗauke shi. Mi kake so mutane su ce?"

Na rantse mata. Ta ce ta ji. Amma daga ranar, in ƙawayenta suka shigo, sai ta aike ni waje.

Haushi ya sa na yi abin da tsoro ya hana ni. Kasuwar Bafarawa ta zagayo, na hango mai shuɗiyar riga wajen masu gyaran babur, na nufe shi kai tsaye. Na ce, "Malam, mi na yi maka kake bi na? In kama ni aka ce ka yi, ga ni."

Sai mutumin ya durƙusa. Babba da shi, ya girme ni nesa, ya durƙusa cikin kasuwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da ikon kama kowa." Ashe daga wani ƙauye yake can bakin iyaka. Labari ya kai musu cewa gwamnati ta aiko wani ɗan boko yana zagayawa yana rubuta garuruwan da za a kai wa hatsi. Dattawan ƙauyen suka ara masa riga, suka ce ya bi ni har ya sami fuskar magana. Kwarjini ya hana shi matsowa.

Na ɗaga shi, na ce ni ɗalibi ne, ba ni da hatsi, ba ni da hanyar hatsi. Ya yi murmushi ya ce, "Haka kuke cewa duka. Ni dai ka sa sunan garinmu." Ya faɗi sunan, ya maimaita, ya ce yara sun fara kumburi. Na sai masa garin rogo da abin da ke aljihuna, ya karɓa yana godiya, ya tafi da yaƙinin an rubuta su. Na kai maganar ƙauyen sakatariya, wani akawu ya ce za a duba. Ban san abin da ya biyo baya ba.

Kawu ya yi makonni a tsare, aka sake shi ba tare da an kai shi kotu ba. Ya dawo ya rame. Na je gaishe shi, ya amsa da fara'a, har ya sa mini albarka, amma da aka kawo tuwo sai ya ce a zuba mini nawa daban. Har yau ban san wanda ya kai sunansa ba, ban kuma san ko akwai buhun da ya maƙale a hannunsa ba.

Da na koma jami'a, malamina ya karanta abin da na rubuta ya ce akwai ma'ana, sai dai ba hujja. "Ina sunayen waɗanda ka yi hira da su? Wane arɗo? Wane shugaban mazaɓa?" Na dube shi ta cikin hayaƙin tabarsa, sai na ji abin da mutanen Isa ke ji in na zauna kusa da su. Me zai yi da sunaye? Wa yake gani in ya je babban birni? Wataƙila ƙa'idar bincike kawai yake bi, amma na ce masa na manta. Ya ba ni maki na tsaka-tsaki, muka rabu.

Bayan shekaru, ina koyarwa, soja suka ce a sake kafa jam'iyyu. Kawu ya aiko a kira ni. Ya tsufa, amma zauren ya fara cika. Ya sallami mutane, ya jawo ni kusa, ya ce, "Ɗana, abin da ya wuce ya wuce, aikinka ka yi. Yanzu faɗa mini, wace jam'iyya sojan suke so ta ci? Ku kuna jin abin da ba mu ji."

Na ce, "Wallahi Kawu ban sani ba."

Ya gyaɗa kai, ya dafa kafaɗata. Ya ce, "Na gane. In lokacin faɗi ya yi, ka fara da ni."