Maki Tara na Malam Sabo

Ilya Mahaman bai iya ƙwallo ba. Gara a faɗi wannan tun farko, kada wani ya ji ana kiransa Koci a unguwar Minguettes ya ɗauka wani abin kirki ne. Sau ɗaya tak aka taɓa sa shi a fili, shekarar da ya zo Lyon daga Damagaram karatun lissafi, kuma ranar ya ci ƙwallo mai kyau da ka, sai dai a ragar 'yan gidansu. Tun daga nan aka miƙa masa takarda da alƙalami, aka ce ya tsaya a gefe.

Gefen kuwa ya karɓe shi. Yanzu shekararsa goma sha ɗaya a Faransa, yana aiki a wani kamfanin inshora, inda ake biyansa ya lissafa yiwuwar mota ta yi karo ko rufi ya yi yoyo. Matarsa Rabi'atu takan ce ko ƙwai za a soya sai Ilya ya auna hatsarin da ke ciki. Amma aikin da ke hana shi sukuni ba na ofis ba ne, na ƙungiyar ƙwallon 'yan Nijar mazauna Lyon ne, wadda shi ke haɗa mata 'yan wasa.

Kowane watan Mayu 'yan Lyon kan tafi Bobigny, a gefen Paris, su kara da 'yan Paris a Kofin Zumunci. Shekara bakwai a jere ana lallasa su. Gasar tana da wata doka da aka kafa bayan shekarar da 'yan Paris suka zo da wasu ƙarti uku suka ce 'yan uwansu ne, aka ce musu ina kwana suka tsaya suna kallon mutane. Manyan kulob-kulob akan sa musu iyakar albashin da za su kashe a kan 'yan wasa. Su nan ba mai albashi, sai aka sa iyakar maki. Kwamitin dattawa ke ba kowane ɗan wasa maki daga ɗaya zuwa goma gwargwadon iyawarsa, kuma mutum goma na ƙungiya kada su wuce maki hamsin. Sannan dattawan suka ƙara wani sharaɗi don kada a ci mutuncin kowa: ba a rage wa mutum maki sai shi da bakinsa ya roƙa. To wa zai tashi a gaban jama'a ya ce ya lalace? Ba a taɓa samun ko mutum ɗaya ba.

Nan ne maganar Malam Sabo ta shigo. Malam Sabo mutumin Maraɗi ne, mai tsaron ragar Lyon tun ranar da aka kafa ƙungiyar. Lokacin da aka ba shi maki tara ya cancanta, don a wancan zamanin ko ƙuda ba ya wuce shi. Yanzu shekararsa hamsin da huɗu, ya aje tumbi, gwiwar hagu sai an lallashe ta take lanƙwasuwa. In aka buga ƙwallo ta dama, yakan faɗi ta daman kuwa, amma bayan an gama murna. Makinsa dai na nan tara, yana cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na rabon ƙungiyar.

Ilya ya fi kowa sanin haka, yana da shi a rubuce a kwamfutarsa. Amma shi wannan Malam Sabo ne ya tarye shi a tashar jirgin ƙasa ranar da ya sauka Lyon cikin watan Oktoba da 'yar riga shara-shara, haƙora na haɗuwa, ya cire kwat ɗinsa ya yafa masa. Wata huɗu yana kwana a falonsa. Shi ya tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa. Kawu yake ce masa, kuma ko da wasa bai taɓa haɗa ido da shi ya musa masa magana ba.

Bana sai ga Hanif. Haifaffen Vénissieux ne, a gefen Lyon, mai gyaran lantarki, ya taɓa zama a makarantar horar da 'yan wasa ta wani kulob kafin rayuwa ta juya da shi. Hausarsa ta gaisuwa ce kawai da sunayen abinci, amma ta isa a yarda ɗan gida ne. Ranar da ya fara zuwa atisaye ya zura wa Malam Sabo shida cikin minti goma, yana ba da haƙuri bayan kowace.

"Tonton, ka sa ni kawai," in ji shi ga Ilya da Faransanci, yana kiransa baffa. "Je te jure, na rantse, 'yan Paris za su yi kuka."

Ilya ya koma gida ya buɗe kwamfuta. Mutum tara da yake da su, har da Malam Sabo, maki arba'in da takwas. Hanif kuwa kwamiti ba zai ba shi ƙasa da tara ba. Hamsin da bakwai ke nan. Ya juya lissafin ta kowace fuska, amsa ɗaya take fitowa: ko a bar Hanif a sha kashi na takwas, ko a cire Malam Sabo a sa wani ɗalibi mai maki biyu a raga.

Sau uku yana hawa hawa na tara na benen su Malam Sabo da niyyar faɗa. Zuwan farko suka sha shayi suka yi hirar damina a Maraɗi. Na biyu suka yi maganar tsadar haya. Na uku har ya ce, "Kawu, dama wata magana ce," Malam Sabo ya ce yana ji, sai Ilya ya tambaye shi inda yake sayen barkono.

"Kai dai matsoraci ne," in ji Rabi'atu da ya dawo da ƙullin barkono a hannu. "Mutumin da ke gaya wa Turawa gidansu zai ƙone."

"Turawa ba su ba ni kwat ba."

Ta yi dariya ta ƙyale shi. Abin da bai sani ba, washegari ta kira Hajiya Aya, matar Malam Sabo, suka yi doguwar hira.

Ranar Asabar ɗin da kwamiti zai zauna a Paris, Ilya ya isa tasha da safe da takardar da babu sunan Hanif a ciki. Ya riga ya haƙura. Sai ya tarar da Malam Sabo a bakin jirgi, cikin babbar riga, riƙe da wata ƙatuwar ambulan.

"Kawu, lafiya?"

"Lahiya lau. Rakiya ni ka yi maka. Ko an hana?"

Kwamitin kan zauna a bayan wani gidan abinci a Barbès, inda duk minti biyu jirgin metro ke wucewa ta sama, kofuna su yi rawa a kan tebur. Alhaji Kamalu na Paris ne shugaba. Wayayyen mutum ne, ya daɗe da gane cewa makin Malam Sabo ya fi masa 'yan wasa biyu amfani. Yana ganinsa ya miƙe tsaye da hannu biyu.

"A'a! Bangon Lyon da kansa! Jama'a, ku ba gardiyan mai tsaron raga wuri. Wallahi in da hali goma za mu ba ka bana."

Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da sanyi, aka ci shinkafa. Da aka zo kan sunayen Lyon, Malam Sabo ya yi gyaran murya ya tashi, yana dafa tebur saboda gwiwar.

"Bon. Ni na zo roƙo. A rage mini maki."

Metro ya wuce ta sama, kofuna suka yi rawa.

"Haba Malam!" in ji Alhaji Kamalu. "Wa ya ɓata maka rai? Kai da ka tare mana fanareti biyu a wasa guda?"

"Shekara goma sha huɗu ke nan, Alhaji. Bara nawa kunka zura mini?"

"Iska ce ta yi yawa bara."

"Bakwai. Guda ta tsakanin ƙafafuna ta bi, ina gyaran tabarau. Bara waccan kuma guda biyar, cikinsu har da wadda ɗanka ya bugo daga tsakiyar fili, shi da kansa bai yi niyya ba."

Daga nan abu ya zama abin kallo. 'Yan Paris sun dage suna yabonsa, shi ya dage yana kushe kansa. Su ce tsayuwarsa kaɗai tsoratar da 'yan gaba take yi, ya ce tsayuwar ce kaɗai ta rage masa. Su ce ƙwarewa ba ta tsufa, ya zaro hoton gwiwarsa na asibiti daga ambulan ya ɗaga shi saitin fitila. Har ya jefa lemo sama ya yi ƙoƙarin cafewa, lemon ya faɗa cikin miyar Alhaji Kamalu. Mutane suna ta dariya har da riƙe ciki. Ilya kaɗai ne bai yi ba. Kunya da tausayi suka rufe shi, don ya san aikinsa ne dattijon nan yake yi masa, a gaban mutanen da suka fi kowa jin daɗin abin.

"To nawa kake so?" in ji Alhaji Kamalu a ƙarshe, yana goge miya a hannun riga.

"Biyu. Kuma a rubuta sunan wani yaro Hanif."

Alhaji Kamalu ya dubi Ilya, ya dubi Malam Sabo, ya gane an yi masa shigo-shigo ba zurfi. Amma doka doka ce, mutum ya roƙa da bakinsa. Aka ba Hanif tara, aka ba Malam Sabo biyu, lissafi ya tsaya cif a kan hamsin.

Wasan Bobigny kuwa ba sai an ja shi ba. An zura wa Malam Sabo uku, ɗaya ma yana cikin gaisawa da wani tsohon abokinsa a bayan raga. Hanif ya zura huɗu. Rabi'atu ta yi guɗa har wani Bature mai yawo da kare ya tsaya yana tambaya ko biki ake yi.

Ana can ana ɗaukar hoto da kofi, Ilya ya samu Malam Sabo zaune a benci shi kaɗai, yana fama da safar hannu. Ya durƙusa ya taya shi cirewa.

"Ilya."

"Na'am, Kawu."

"Cikin na'urar nan taka, maki nawa ka ba ni? Na gaskiya."

Ilya ya dubi ƙasa. Ya yi tunanin ya ce biyar. Ya yi tunanin barkono.

"Ɗaya da rabi, Kawu."

Malam Sabo ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Ɗaya da rabi! Ashe Alhaji Kamalu ya fi ka sona da rabin maki. Tun yaushe?"

"Shekara biyar."

Dariyar ta tsaya a hankali. Dattijon ya ninke safar ya ɗora a cinya.

"Shekara biyar ina faɗuwa gaban mutane, ɗana na gefe da takarda shina kallo. Ni ma na sani, Ilya. Jira nike wani nawa ya faɗa mini." Ya dafa kafaɗarsa ya yunƙura ya miƙe. "Baɗi in lokacin barin ragar ya yi, kai za ka hau bene ka gaya mini. Kada ka bari in sake jin labarina wajen mata."

"To, Kawu," in ji Ilya.

Ya ɗauki jakar dattijon ya rataya, suka nufi wurin hoto a hankali, saboda gwiwar.