Na bi Habiba aji da dorina

Jama'a, yau na kunyata ɗiyata a gaban jami'a guda.

Habiba ce ta samu gurbin karatu, yau ta fara shiga aji. Na sauke ta a babur, har na juya sai na tuna ban damƙa ta hannun malami ba, yadda babana ya yi mani a makarantar allo. Na sayi dorina bakin titi, na bi ta.

Aji kamar masallacin Juma'a, malami yana bayani da lasifika. Na yi sallama, na miƙa mashi dorinar, na ce, "Malam, ga amanar Habiba. In ta yi wasa ka zane ta, na yafe."

Ashe lasifikar ta kwashe maganata. Aji ya kaure da ihu!

Malam ya ce, "Baba, wace Habibar? Suna da yawa."

Ni kuma uban wayo na nuna: "Waccan mai ɓoye fuska."

Yanzu tana ɗaki tana kuka, ta ce ba ta komawa. Uwarta ta ce tunda ni aka sani can, gobe in je in ɗauko mata karatun. Ni da sunana ma da ƙyar nake rubutawa.