Rabin Tano a Gadon Inna

Ni ba mai yawo ba ce. In an cire bikin dangi da zuwa likita, ƙafata ba ta wuce kasuwar Tawa, kuma ban taɓa jin na rasa komi ba. Amma shekarar da yayana ya zo daga Yamai da mota mai ɗaki, har ni sai da na leƙa ciki na riƙe baki. Gado ne a cikinta da katifa, ga ɗan wurin wanke hannu, ga labule a taga. Sayo motoci daga Kwatano ita ce sana'arsa, amma wannan ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta shan iska ce. Damina ta yi kyau, arewa ta yi kore shar, lokacin kuma hanya lafiya lau take. Shi da abokinsa, wani ɗan Maraɗi mai shagon tayoyi, sunka shirya su tafi can gaban Takanamat, su sauka bakin tabki su yanka rago.

Gaban Takanamat kuwa can ne garin su Inna. Ƙanwarta na can, ita kaɗai ta rage mata cikin 'yan ɗakinsu, kuma an aiko cewa ciwo ya kwantar da ita. Inna ta daɗe ba ta je ba, don ƙugunta ba ya ɗaukar zaman motar kasuwa, ko zuwa Barmu ne sai ta yi kwanaki ba ta miƙe ba.

Yaya shi ne ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunansa ba, “wancan” take cewa. Ba ta kallon idonsa, ba ta roƙonsa ko ruwan sha, in ya ba ta abu sai ta ce mi za ta yi da shi, sai ya fita sannan ta ɗauka. Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin. Kowa a gidan ya san wannan, shi ma ya fi kowa sani.

Ina tsince wa Inna shinkafa ta ce, tana kallon bango, “Ke, wai da gaske mutum na iya miƙe ƙafa cikin abin wancan?”

Na ce, “Inna, har juyi.”

Ta ce, “To.” Can an jima ta ƙara, “Ita dai ƙanwata ta ce ko muryata ta ji.”

Na gane saƙon, na kai wa Yaya. Ya ce, “Ba komi, auta, gado na nan, ta shirya.” Inna ta sa na yi mata kitso. Ta ɗaure ƙunshi: zane sabo, sabulu, sukari, goro, da gabun albasa mai yawa, don ta ce ƙanwar tata tun suna yara ba ta shan miya sai da shi. Ta ajiye ƙunshin bakin ƙofa, kusa da takalmanta.

Ana gobe tafiya, da hantsi, ɗan Maraɗi ya shigo da amalanke ɗauke da abin gashin nama har iri uku, wai a zaɓa. Anka jera su ƙarƙashin dogon yaro. Na farko furno ne na waya, irin na masu shayi amma ya fi girma, da ragarsa a bisa. Na biyu na shago ne, baƙi, ƙafafunsa na naɗewa ya koma kamar jaka, ana iya tura shi ƙarƙashin kujera. Na ukun rabin tano ne, wato gangar ƙarfe, da mai walda ya tsaga, ya sa masa ƙafafu huɗu na ƙarfe, tsawonsa ya kai mutum kwance.

Yaya ya ɗaga mai naɗewar yana juyawa. Ya ce, “Wanga ya yi. Ba nauyi.”

Ɗan Maraɗi ya fashe da dariya. “Haba patron! Rago za mu gasa ko ƙadangare? Buzayen can su zo gaisuwa su tarar da mai mota mai gado yana hura wuta cikin jakar littafin 'yan lakkol?”

“To furno fa?”

“Sai ka haɗa da ƙananan kofuna, mu ce shayi ya kawo mu.”

Na ga kunnen Yaya ya motsa. Tun yana yaro ba ya jure a yi masa dariya. Ya buga rabin tanon da hannu, ya ce shi za a ɗauka. Sunka kama shi su biyu don su ɗora saman mota, ashe akwai wani gilashin wutar rana a can, ba a ɗora masa nauyi. Sunka gwada baya, ƙofa ta ƙi rufuwa. Sai ɗan Maraɗi ya leƙa ciki ya ce, “Ga wuri nan kamar an auna.” Gadon yake nufi.

Na ce, “Yaya, nan ne fa wurin Inna.”

Ɗan Maraɗi ya ce, “Au, da Inna za a tafi? Ai ban sani ba, a ɗauki ƙaramin kawai.” Shi kam na shaida, da zuciya ɗaya ya faɗa.

Yaya bai kalle ni ba. Ya taka har bakin ɗakin Inna, abin da ba ya yi, ya tsaya inda kowa zai ji. Tana zaune bisa tabarma, sabon kitsonta na ƙyalli, ƙunshin na gabansa, saura kaɗan ya taka shi.

Ya ce, “Inna, wai kina son ki tahi tare da mu?”

Ga baƙo tsaye, ga ɗan fari ya tambaye ta baki da baki. Amsa ɗaya ce ke gare ta, kuma ya san ta kafin ya buɗe baki.

Inna ta ja mayafi ta rufe kitson. Ta ce wa ƙasa, “Ni? Mi zan tahi yi? Ku dai Allah shi kiyaye hanya.”

Ya juyo yana murmushi. “Kin ji ko, auta? Ke ce dai mai ƙulle-ƙulle.”

Na ce, “Yaya, ka ji tsoron Allah, ka san halinta.”

Ya ce, “Da bakinta ta faɗa. Ko kin fi ta sanin ranta?” Sannan ya sa na kawo tsohon buhu a shimfiɗa bisa katifa kada ta ɓaci. Ni na shimfiɗa, sunka kwantar da rabin tanon, har da ɗaure shi da igiya kada gargada ta wahalar da shi.

Da safe Inna ta miƙo mini ƙunshin ta ce, “Ba wancan, in hanya ta bi da su.”

Sunka dawo fuskokinsu na maiƙo, suna ba da labarin yadda rago ya gasu har ƙashi. Ɗan Maraɗi ya ce daga bakin tabkin ana hango rumbunan garin su Inna. Na tambayi Yaya ko sun shiga. Ya ce laka ta yi yawa, ba ya son ta ɓata masa mota. Ƙunshin na ciro shi daga ƙarƙashin kujera yadda anka ɗaure shi, sai warin hayaƙi. Ya kawo wa Inna cinya guda cikin takarda, ta ce mi za ta yi da ita. Wannan karon ko da ya fita ba ta ɗauka ba.

Rabin tanon ya zubar da mai bisa katifa duk da buhun, don haka Yaya ya ce ba ya komawa da shi Yamai. Anka jingine shi jikin bango, daidai ƙofar Inna.

Ana cikin yankan hatsi anka aiko ƙanwar Inna ta rasu. Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba. Ta sa na kwance mata kitson nan da ta ƙi bari a taɓa tun damina, ta ba ni gabun ta ce in sa a miya kada ya lalace.

Da hadarin farko na shekara mai zuwa ya taso, ina ta kwashe shanya, na ji ta daga ɗaki tana kirana. Na zo da gudu, na zaci ƙugun ne.

Ta ce, “Ke, samu tabarma ki rufe abin wancan, kada shi yi tsatsa.”