Ciwon Haƙorin da Na Ɓoye

Ina da shekara bakwai lokacin da aka fara shari'a a jiharmu, kuma a shekarar na yi famfara. Haƙorana biyu na gaba sun fita cikin sati guda. Ɗaya ya maƙale a cikin dafaffen rogo, ɗaya kuma Inna ta ɗan taɓa shi da yatsa ya faɗo a tafin hannunta. A gidanmu na Dutsi ba a ɗauki wannan a bakin komai ba. An yi mini dariyar wawulo kwana biyu, aka manta.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, tana yin alawar madara ta sayarwa. Idan ta yanka ta ta sha iska, sai ta jera a cikin wata langa mai murfi, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ni ce mai share mata ɗaki da safe. Ban san ranar da na fara buɗe langar nan ba, na dai san abin ya zame mini jiki. Nakan ɗauki ɗaya, wani lokaci biyu. Da yake ba ni da haƙoran gaba na gatsa, kuma ina tsoron a ga bakina yana motsi, sai in cusa ta can cikin kuncina na hagu, in bar ta ta narke da kanta. Da ita nake tafiya makarantar boko. Da yamma in sake ɗaukar wata in tafi Islamiyya, ina biya karatu da gefe guda na baki.

A wancan lokaci ko'ina ka juya maganar shari'a ake. Baba falken dabbobi ne, kuma idan ya dawo daga kasuwa yakan zauna a ƙofar gida da abokansa, rediyo a tsakiyarsu. Wata rana da la'asar na kai musu ruwa, na ji ana cewa a wata jiha an yanke wa wani mutum hannu saboda ya saci saniya. Na koma ciki na tambayi yayata, wadda ta girme ni da shekara huɗu, ko da gaske ne. Tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce gaskiya ne mana, duk wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba yanzu hannunsa za a cire, daga nan, ta nuna wuyan hannunta. Na ce ko da yaro ne? Ta ce ko da jariri ne.

Na san yanzu tsokana ce irin ta 'yan'uwa. A ranar kuwa na shiga bayan ɗaki na daɗe ina kallon hannuna na dama. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne ban daina ba. Na yi kwana uku ban taɓa langar ba, a na huɗu na koma.

Ciwon ya fara ne da ruwan randa. Na kurɓa da safe, sai na ji kamar an soka mini allura a turmin haƙorina na ƙasa, daidai inda nake ajiye alawar. Na sa harshe na laluba, na ji rami. Nan take na haɗa lissafina irin na yara: idan na faɗa, za a buɗe bakina, za a tambayi abin da ya ci haƙorin, za a gane alawa ce, kuma kowa ya san ba a ba ni kuɗin kashewa. Daga nan sai wajen alƙali. Don haka na yi shiru.

Na koma tauna da ɓangaren dama. Na daina shan koko da zafi, sai ya huce. Idan ciwon ya taso a aji, in danne kuncina da gefen littafi kamar mai tunani. Na taɓa ganin Iya tana sa kanumfari a haƙorinta, na so in ɗauko ɗaya daga kayan yajinta, sai na tuna wannan ma sata ce, na fasa. Na yi fiye da sati biyu a haka. Inna ta lura ba na cin tuwo sosai, ta ce ai sababbin haƙora ne ke fitowa, haka yara suke yi. Na gyaɗa kai, har da jin daɗin ta ba ni mafaka.

Ran wata Talata na tashi da zazzaɓi, kuncina ya yi suntum. Na ja hijabina na rufe rabin fuskata na fito tsakar gida. Inna na tankaɗe, ta dube ni, ta ajiye rariyar. Da ta janye hijabin sai ta yi salati a hankali, irin salatin da ya fi ihu ba ni tsoro. Kumburin ya sauko har ƙasan haɓata, fatar ta yi sheƙi, bakina kuma ba ya buɗuwa sai kaɗan.

Maƙwabta suka shigo. Wata ta ce hangum ne, a shafa shuni. Wata ta ce a bari, ai haƙorin famfara ne, zai fita da kansa ya huta. Iya kuwa ta matso. Ta tsuguna a gabana, ta sa bayan hannunta a goshina, ta shinshina bakina, sannan ta aika a kira Baba daga wajen dabbobi. Da ya shigo ta ce masa wannan ba na shuni ba ne, ya ɗauke ni zuwa Daura yanzu, kuma da ita za a je.

A motar haya ina zaune a cinyar Iya. Ban taɓa zuwa Daura ba sai ranar, amma ban ga komai na hanyar ba. Abin da na sani shi ne can ne sarki yake, can ne manyan alƙalai suke. Na cusa hannuna na dama a hammatata na matse. Kowane gargada motar ta shiga, sai ciwon ya harba har cikin kunnena, amma ba shi ne ke sa ni kuka ba. Baba na ta cewa in yi haƙuri an kusa. Ni kuwa kusantar ce ba na so.

A asibiti muka jira a kan benci har rana ta take. Wadda ta duba ni mace ce mai farin gilashi, ta rufe hanci da baki da ƙyalle. Ta zaunar da ni a wata doguwar kujera mai kwantawa, ta jawo fitila saman fuskata. A gefenta akwai faranti cike da ƙarafa masu ƙyalli, har da wani mai kama da filaya. Ina ganinsu na ƙara matse hannuna a hammata. Ta lallaɓa ta buɗe bakina gwargwadon yadda zai buɗu, ta leƙa da ɗan madubi, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "'Yan mata, kina shan zaƙi da yawa ko?"

Ban san lokacin da na fashe ba. Da kumburarren bakina na faɗi komai, langar, ƙarƙashin gado, safe da yamma. Na ce don Allah kada a yanke, ba zan ƙara ba. Likitar ta ɗauka haƙorin nake nufi, ta ce ba yau za a cire ba. Na zaro hannuna daga hammata na nuna mata, na ce wannan.

Baba ya dubi Iya, Iya ta dube ni. Na ga likitar ta juya baya, kafaɗunta na motsi, ban gane dariya take ɓoyewa ba sai da na girma. Iya ba ta yi dariya ba. Ta matso ta kama hannun nan nawa da hannayenta biyu.

Ta ce, "Ke 'yar nan, kina tsammanin ban san adadin abin da na yanka ba? Tun ranar farko na sani. Abin kakarki ai naki ne. Wa ya faɗa miki wannan magana?"

Ban ambaci yayata ba. Baba ya tsuguna ya ce babu mai taɓa hannun yaro, babu alƙalin da ya san da zamana a duniya. Na ji, amma ban yarda duka ba. Sai da muka fita ƙofar asibitin ba wanda ya tare mu, sannan numfashina ya ɗan daidaita.

Kafin mu fita, likitar ta yi wa su Baba bayani. Ta ce haƙorin da ya ruɓe na yarinta ne, amma ruɓar ta kai saiwa ta tara mugunya, kuma da an ƙara kwanaki kumburin zai iya sauka maƙogwaro. Ta ce kuskure ne a ce haƙorin famfara ba ya bukatar kulawa, domin na dindindin yana kwance a ƙarƙashinsa. Ta kuma nuna musu wani babban turmi a bayansa, ta ce wannan ya riga ya fito tun ina shekara shida, ba ya famfara, idan ya tafi ya tafi ke nan, ga shi har ya fara baƙi. Iya ta ce ita duk tsawon rayuwarta ba ta san akwai haƙorin da ke fitowa yaro ba tare da wani ya faɗi ba. Aka ba ni magani na kwana biyar, aka ce in riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri.

Da kumburin ya saɓe muka koma. An yi mini allura a dasashi, na ƙanƙame zanen Iya har na ji ya yage. Cirewar kanta ban ji zafi ba, sai wata ƙara da na ji a cikin ƙoƙon kaina, kamar an karya busasshen kara. Aka cusa mini auduga aka ce in cije. A zuwa na uku aka cike babban turmin, da wani inji mai kuka wanda har yau in na ji irinsa tsigar jikina tashi take.

Baba ya sayo mana buroshi ni da yayata, ya ce safe da kuma bayan tuwon dare. Iya ta ce ita ba ta yarda da roba ba, ta ƙara mini da asuwaki, tana tsaye a kaina har in gama. Yayata kuwa ta sha faɗa wajen Inna, don ita da kanta ta tona kanta da ta ji labarin. Ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana.

Gurbin haƙorin ya zauna fayau kusan shekara uku. Na sha zuwa gaban madubin Inna in ja kuncina in leƙa, ina tsoron ko mugunyar ta kashe na ƙasan. Ina aji biyar ya ɓullo, ɗan ƙarami, a ɗan karkace, da ɗigon rawaya a gefensa. Da shi nake tauna har yanzu.